Buhu ba suna: Yadda matasan Auyo za su gina kasuwa da hoto, bidiyo da murya

Duk wanda ya bi hanyar Auyo zuwa Haɗeja a lokacin girbin rani ya san abin da ido ke gani: buhunan shanshera jibge a bakin titi, motoci na lodi, 'yan dako na kai da kawowa, dillalai da waya manne a kunne. Kaya na fita sosai, amma sunan mai kayan a gida yake kwana. Buhun da matashi ya shafe wata uku zuwa huɗu yana yi wa ban-ruwa, yana korar jan-baki, wani lokaci har da kwana a gona, da zarar ya hau mota ya zama "shinkafa" kawai. In ya isa injin casa a Kano sai a juye shi a buhu mai tambarin wani, kuma wancan tambarin ne uwargida a Abuja za ta sake nema idan girkin ya yi mata daɗi.

Haka abin yake ga kifi, haka ga albasa da tattasai da riɗi. Mai wahala daban, mai suna daban. Kuma a kasuwa, mai suna shi ke yanka farashi. Tambayar da ya kamata matashin yankin nan ya yi wa kansa ita ce: wayar da ke aljihuna, wadda nake ƙona data a kanta ina kallon barkwanci da rigimar 'yan fim, za ta iya ɗaura wa kayana suna? Za ta iya. Sai dai akwai yadda ake yi, akwai kuma inda ake faɗawa rami.

Ba kaya aka rasa ba

Kogin Haɗeja ya samo ruwansa ne daga kogunan Kano da Challawa, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya zo ya shimfiɗu a fadamun Auyo da Haɗeja kafin ya wuce dausayin Haɗeja da Nguru. A ƙaramar hukumar Auyo ne aikin noman rani na Kwarin Haɗeja yake, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An yi masa garambawul da tallafin Bankin Duniya a shirin TRIMING, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe shi a watan Janairun 2023. Fili ne da ya haura hekta 5,000. Tun a 2016 kamfanin Dangote ya ƙaddamar da shirinsa na manoman shinkafa a Haɗeja, sannan a watan Nuwamban 2023 a yankin ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da noman alkama na rani. Ga kuma kasuwar kifi ta Haɗeja, wadda busasshen kifinta ke kaiwa har kudancin ƙasar nan.

Ka ga ke nan manya sun san darajar wurin. Abin da ya rage shi ne ɗan wurin ya san cewa sunan wuri kansa dukiya ne. Dubi shinkafar Ofada: sunan wani gari ne a Jihar Ogun, amma yau a gidajen abinci na Legas da sunanta ake kiranta, ana kuma biyan ta da tsada. Haka shinkafar Abakaliki ta Jihar Ebonyi. A waje kuwa, ƙasar Habasha sai da ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks na Amurka a kan sunayen gahawarta uku, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har aka sasanta a 2007. Ƙasa guda ta tsaya kai da fata a kan suna, saboda ta gane cewa a jikin sunan ribar take.

To wane ne ya hana a ce "shinkafar Auyo ta gonar wane", mutum a Kaduna ya ji ya san abin da zai samu?

Aikin dillali guda uku

Kafin mu zagi dillali, mu fahimci abin da yake sayarwa. Dillali ba shi da gona, ba shi da koma, amma yana da abu uku da mai saye na nesa ke buƙata. Na ɗaya, yana gane masa kaya. Na biyu, yana tsaya masa shaida cewa abin da aka nuna shi aka auna, shi aka ɗora a mota. Na uku, akwai sabo a tsakaninsu: Alhajin da ke Dawanau ya san muryarsa, ya san in ya ce "kaya na da kyau" to suna da kyau. La'adar da yake karɓa kuɗin waɗannan abubuwa uku ne.

Duk matashin da ke son ya sayar kai tsaye, dole ya yi wa mai saye waɗannan ayyuka uku da kansa. A nan ne waya ke shigowa. Hoto shi ne gani. Bidiyo shi ne shaida. Murya ita ce sabo. In ka riƙe wannan, ba za ka ɓata lokaci kana kwaikwayon 'yan rawa don neman mabiya ba, domin ka san abin da kowane ɗaya zai yi maka.

Kuma ba lallai ne dillali ya fita daga harkar ba. Mai buhu ɗari biyu zai ci gaba da buƙatarsa. Amma ko da buhu goma cikin hamsin ka sayar da sunanka, a casa a tsince, a farashin mai ci, ka fara gina abin da ba ya ƙarewa da ƙarewar kaka.

Hoto: a nuna kaya yadda suke

Gani ya kori ji. Sai dai yawancin hotunan kaya da ke yawo a WhatsApp ba sa korar komai: an ɗauka cikin duhun shago, ko da tsakar rana ido na ƙyalli, ga takalmi a gefe, ga leda, ga ƙafar wani. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi.

Fara da goge gilashin kyamara da gefen riga, domin ƙura da maiƙon hannu su ne rabin matsalar. Ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar, ko kuma a inuwa mai haske, kada ka kunna fitilar waya. Shimfiɗa tabarma mai tsafta ko farin tire, ka kawar da duk abin da ba na sayarwa ba. Kowane kaya a yi masa hoto uku: ɗaya na nesa da ke nuna yawa, ɗaya na kusa da ke nuna ƙwaya, ɗaya kuma da ma'auni. Shinkafa a tafin hannu, a ga tsawonta da launinta da yawan karyayyar da ke ciki. Kifi a jera shi kusa da hannu ko a kan sikeli, don tarwaɗar da ta cika hoto tana iya zama 'yar ƙarama a zahiri. In da kwano kake sayarwa, a ga kwanon, a ga yadda aka cika shi.

Abu biyu ne haramun a wannan sana'a. Na farko, ɗauko hoto daga intanet ka ce kayanka ne. Na biyu, ƙara wa hoto haske da launi har shinkafa ta fi yadda take fari. Ranar da kaya suka isa, mai saye zai ɗora su kusa da hoton ya kwatanta. In hoto ya fi kaya kyau, ka ci kuɗinsa sau ɗaya, ka rasa shi har abada, kuma sai ya gaya wa mutum goma. In kaya suka fi hoto kyau, shi zai zama mai yi maka talla kyauta.

Wata dabara mai sauƙi: rubuta sunan kasuwancinka da kwanan wata a kan ɗan kwali, ka ajiye shi a cikin kayan kafin ka ɗauka. Wannan na nuna cewa hoton na yau ne, sannan yana wahalar da ɓarayin hoto, masu kwashe hotunan mutane su je su damfari wasu da su. Wajen turawa kuma, WhatsApp na rage ingancin hoto, don haka in ƙwayar kaya kake son a gani, zaɓi turawa da cikakken inganci.

Bidiyo: a ga hanyar da kaya suka biyo

Abin da ke damun mai sayen shinkafar gida sananne ne: tsakuwa, ƙaiƙayi, wari, da mugun awo. Abin da ke damun mai sayen busasshen kifi shi ne ko an zuba masa maganin ƙwari don kada ya lalace. Ba ka isa ka kawar da wannan tsoro da rubutun "kayanmu masu inganci ne" ba, kowa haka yake rubutawa. Bidiyo ne ke kawar da shi.

A ce matashi yana da 'yar gona a ɗaya daga cikin sassan aikin ban-ruwa na Auyo. Zai iya ɗaukar gajeren bidiyo ranar dashe, wani ranar da shinkafa ta fara fitar da kai, wani ranar yanka, wani wajen turarawa da shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, wani a injin casa da na cire tsakuwa, na ƙarshe a kan sikeli ana ɗinke buhu. Bidiyo shida ke nan a kaka guda, kowanne bai wuce minti ɗaya ba. Wanda ya bi su tun daga dashe, in girbi ya zo ba ciniki zai fara da kai ba, tambaya zai yi: "Saura buhu nawa?"

Ƙa'idojin ba su da yawa. Riƙe waya a tsaye, tunda a haka mutane ke kallo a TikTok da Facebook da WhatsApp. Kafe gwiwar hannu a jiki don kada hoto ya yi rawa. Fara da kayan tun daƙiƙar farko. Doguwar gaisuwa da "barkanmu da warhaka 'yan'uwa masu kallo" a bar wa gidan rediyo, kafin ka gama an wuce ka. Faɗi wuri, faɗi rana, faɗi abin da ake gani, faɗi farashi in akwai. Iskar fadama na cinye murya, don haka juya mata baya ko ka yi amfani da abin sauraren kunne mai makirfo.

Bidiyon da ya fi kowanne daraja kuwa ba a sa shi a shafi. Shi ne wanda za ka tura wa mai saye shi kaɗai ranar lodi: ga buhunansa da sunansa a jiki, ga motar, ga lambarta, ga direba. Wasu ma kiran bidiyo suke yi kai tsaye a tasha. Wannan shi ne tsayawa shaidar da dillali ke yi, ka yi shi da datar da ba ta kai kuɗin kwalbar lemo ba.

Wannan bai tsaya ga manomi ba. Mai gyaran injin ban-ruwa ya nuna inji kafin gyara da bayan gyara yana feso ruwa. Mai haɗa famfon sola ya nuna gonar da ya yi wa aiki. Tela ta nuna ɗinki ciki da waje. Ke kuma 'yar'uwa mai turara shinkafa ko man gyaɗa ko yaji a cikin gida, babu dole sai fuskarki ta fito. Hannu da kaya da tsaftar wuri sun wadatar, kuma sau da yawa sun fi jan hankalin mai saye.

Murya: rediyon da ke aljihu

Mu mutanen rediyo ne. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke magana da iyayenmu, kuma har gobe manomi na rataye rediyo a reshen bishiya yana aiki. A Haɗeja ma akwai Sawaba FM. Abin da ake kira fodkas ba wani baƙon abu ba ne: shirin rediyo ne da kake ɗauka da kanka, ka sa a intanet, mutum ya saurara lokacin da ya ga dama. Jaridar Aminiya na da irinsa, "Najeriya a Yau" da "Daga Laraba". A YouTube kuma shirin hirar Hadiza Gabon ya nuna cewa Bahaushe zai zauna ya saurari doguwar hira in ta yi masa.

Ga ɗan kasuwar Auyo, murya ta fi hoto da bidiyo wani abu. Tana isa ga wanda karatun boko bai dame shi ba, kuma da yawa daga cikin manyan masu sayen hatsi da kifi saƙon murya suke yi, ba rubutu ba. Ba ta cin data kamar bidiyo, tana wucewa ko da sabis ya yi rauni. Sannan direba na iya ji yana tuƙi, uwargida na iya ji tana girki.

Ba sai ka jira situdiyo ba. Shiga ɗaki mai katifa da labule, domin suna shanye amsa-kuwwa, kashe fanka, ajiye waya kamar taƙi ɗaya daga bakinka. Fara da shirin minti biyar sau ɗaya a mako, rana ɗaya tsayayya. Me za ka faɗa? Abin da kai ka sani, na nesa bai sani ba: nawa shanshera ta kwana a wannan mako, ruwan kogi ya ƙaru ko ya ja, wace hanya ce mota ke bi, wane kifi ne ya yawaita, yaushe sabuwar albasa za ta fito. Mutumin da ke Kano ko Fatakwal mai harkar kayan Haɗeja zai jira wannan shiri kamar labaran ƙarfe bakwai. A ƙarshe ka ce ga abin da ke hannunka, ga yadda za a same ka. Minti huɗu na amfani, minti ɗaya na talla.

In ka saba, sai ka fara gayyato baƙi. Tsohon masunci ya yi bayanin yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa da abin da hakan ya yi wa kamun kifi. Dattijuwa ta faɗi yadda ake gane shinkafar da aka turara da kyau. Malamin gona ya yi magana kan lokacin shukar alkama da dalilin da ya sa take son sanyin hunturu. Har tarihi ma: Auyo tsohon gari ne, kuma Auyokawa na da harshensu da ya riga ya ɓace, amma akwai dattawan da ke riƙe da labaran da suka ji daga kakanni. Wanda ya ɗauki muryoyinsu ya yi wa garinsa hidima, ya kuma sa sunan kasuwancinsa ya zauna a zukatan 'yan asalin yankin da ke zaune a birane. Su ne fa kwastomominka na farko, masu kewar abincin gida.

Wajen rarrabawa, fara da inda mutanenka suke: zaurukan WhatsApp, da tashar WhatsApp, da Facebook. Daga baya ka ɗora a YouTube ko Spotify don ya zauna a ajiye.

Suna ɗaya, lamba ɗaya, hali ɗaya

Duk wannan aiki zai tashi a banza in yau kai ne "Ɗan Auyo Farms", gobe "Sarkin Shinkafa", jibi kuma sunan budurwarka. Zaɓi suna ɗaya gajere, mai sauƙin faɗa a waya, wanda Bayarabe ko Inyamuri zai iya maimaitawa. Shi za ka sa a Facebook, shi a TikTok, shi a jikin buhu, shi za ka faɗa a farkon kowane shirin murya. Lambar waya ɗaya. Launi ɗaya a kwali da leda. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito tun 2018, kyauta ce, tana ba ka damar jera kaya da farashi kamar kanti. Ka raba shafin kasuwa da shafin ra'ayi: wanda ya zo sayen kifi bai zo jin wa kake zagi a siyasa ba.

In abin ya fara kankama, yi wa sunan rajista a Hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da shi. Mutum ya fi sakin jiki ya tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da na shafin da ya gani. Ka sani kuma rajistar CAC daban, rajistar tambari daban, ita a ofishin rajistar alamun kasuwanci ake yin ta. In kuwa za ka riƙa ƙulla abinci a leda ko roba da tambari kana kaiwa kantuna, akwai batun lambar NAFDAC.

Wani abin lura: shafinka da lambobin sirrinsa su kasance a hannunka. A ƙasar Sin akwai wata matashiya, Li Ziqi, da ta shahara a duniya da bidiyon noma da girkin ƙauye a lardin Sichuan, har aka riƙa sayar da kayan abinci da sunanta. A 2021 ta daina fitar da bidiyo saboda rikici da kamfanin da ke kula da harkar sunan nata, ba ta dawo ba sai a ƙarshen 2024. In mai miliyoyin mabiya ta yi shekara uku shiru a kan wa ke da suna, kai da ka ba yaron shagon caji ya buɗe maka shafi da lambarsa fa?

Ranar da ruwa ya zo

Duk ɗan yankin nan ya san kogin da ke ciyar da mu shi ne kuma ke cin mu. A daminar 2020 da ta 2022 ambaliya ta shafe gonaki da gidaje a Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa da maƙwabtansu, matasa suka kwana suna cika buhunan ƙasa suna tare jinga. Irin wannan lokaci ne ake gane mai suna na gaskiya.

In ka karɓi kuɗin mutum, ruwa ya ci gona ko ya yanke hanya, kada ka kashe waya. Ɗauki bidiyon halin da ake ciki, ka kira shi, ka ba shi zaɓi: ya jira ko a mayar masa da kuɗinsa. Wanda aka mayar wa kuɗi ba tare da ya yi rigima ba, ya zama naka har abada. Haka in kayanka sun ƙare, ka ce sun ƙare. Kada ka je kasuwa ka sayo na wani ka zuba a buhunka ba tare da ka faɗa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a intanet kuwa ya fi ƙurewa, don hoton hirarku na nan a wayar mai saye.

Kada kuma a mayar da masifar mutane kayan talla. Hoton tsohuwa a kan rufin ɗaki ko yara a sansanin gudun hijira ba abin neman mabiya ba ne. Ko a ranar lafiya ma, nemi izini kafin ka ɗauki kowa, musamman matan aure da ƙananan yara da ma'aikatan gonarka. "Baba, zan ɗauke ka in sa a intanet, ka yarda?" Tambaya ce ta daƙiƙa biyar da ke hana rigimar shekara.

Ta ɓangarenka kai ma ka yi hattara. Hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. Sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna kafin kaya su hau mota. Sabon mai saye kuma a fara da kaɗan, amana ta ginu a hankali ta kowane ɓangare.

Mabiya ba su ne kwastomomi ba

Akwai wani mafarki da ke cin matasa: wai in ka tara mabiya, kamfanonin nan za su fara biyan ka da dala. Gaskiya ne ana samu, amma hanyar na da nisa. A YouTube, kafin a fara raba kuɗin talla da kai a dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Data kuma ta ƙara tsada tun da Hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Ga matsalar wuta, ga sabis da ke zuwa yana ɗaukewa a ƙauyuka.

Don haka lissafinka ya zama na ɗan kasuwa. Mutum 200 da suka ajiye lambarka, suna ganin abin da kake sawa, ashirin daga cikinsu na saye duk wata, sun fi maka mabiya dubu hamsin da ke dariya su wuce. Ka sami littafi ka riƙa rubutawa: wa ya saya, daga ina, me ya gani ko ya ji kafin ya kira. Bayan wata uku za ka san ko hoto ne ke kawo maka ciniki, ko bidiyon lodi, ko shirin murya, sai ka ƙara ƙarfi a nan. Ka ware kuɗin data a matsayin kuɗin kasuwa kamar taki da fetur, ka ɗauki bidiyo a gona, ka bari sai ka shigo inda sabis ke da ƙarfi ka tura.

Kuma ba dole kowa ya iya komai ba. Matasa biyar na iya haɗuwa: mai gona, mai injin casa, mai iya ɗaukar hoto, mai daɗin murya, da mai sanin direbobi a tasha. Masu ɗaukar hoton biki da ke zaman jiran ranar ɗaurin aure, ga kasuwa nan a fadama ba mai yi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, waɗanda hutu ke mayar da su gida, su ma ga aikin yi: iyayensu na da kaya, su suna da waya.

Wanda ke son farawa, ga aikin mako ɗaya. Ranar farko ka zaɓi suna, ka gwada faɗarsa ga mutum uku ka ji ko sun riƙe. Rana ta biyu ka ɗauki hoto uku na abu ɗaya da kake sayarwa. Rana ta uku bidiyon minti ɗaya na yadda ake yin sa. Rana ta huɗu saƙon murya kan farashin mako. Sauran kwanakin ka tura wa 'yan'uwa da abokai da ke Kano da Dutse da Abuja da Legas, ka roƙe su abu ɗaya: su ajiye lambar, su nuna wa maƙwabci. Mako mai zuwa ka sake, na gaba ma ka sake, ko da mutum bakwai ne suka kalla. Kafin shinkafar da aka dasa yau ta isa yanka, za ka ga ko akwai wanda ya fara kiran kayanka da sunanka.